Na 31 a takardar sakamako: kilomita 50 a yashin Badagry

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau wata uku ke nan da gudun kilomita 50 da na yi a bakin teku a Badagry, kuma sai makon jiya farcen babban yatsana na ƙafar dama ya ƙarasa fita sabo ya fara tsirowa, shi yasa nace bari in zauna in rubuta tun ban soma mantawa ba.

Ni mutumin Kura ne a jihar Kano, shekarata 43, kuma shekara 19 ke nan ina Legas ina harkar tumatir a kasuwar Mil 12. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san rayuwarmu, mota ta iso tsakar dare kana tsaye, kwando ya fashe asararka ce, ga ciniki ga hayaniya, abinci kuma duk abin da ka samu ka tura. A 2021 ne ciwon kai ya dame ni, irin wanda yake kama ƙeya, na yi ta shan magani a kemis har wani yaro a wajen yace Kawu bari in auna jininka. Da ya auna sai naga fuskarsa ta canza, yace don Allah yau ɗin nan ka je asibiti. Likita yace hawan jini ne, ya ɗora ni kan magani, yace in rage gishiri da dunƙulen miya, in riƙa tafiyar ƙafa kullum. Mahaifina shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa, Allah ya jiƙansa, na yi jinyarsa wata bakwai na ga yadda namiji mai ƙarfi yake komawa sai an juya shi, to maganar likitan nan ba ta wuce ta bayan kunnena ba.

Da tafiya na fara. In an sallame asuba sai in taka daga Ketu zuwa Ojota in dawo. Bayan wata biyu na fara ɗan sassarfa, daga nan sai gudu. Surutu kam na sha shi. Maigidana Alhaji da ya kawo ni Legas ya kira ni gefe yace wane, kai da iyali da furfura a gemu kake tsere a titi kamar an biyo ka, me mutane za su ce? Nace Alhaji magani nake sha, likita ne ya rubuta. Dogon wando nake sawa har yau, ban taɓa fita da gajere ba, kuma bai hana ni komai ba. A hankali ciwon kan ya tafi, tumbi ya sauka, barci ya dawo.

A Fabrairun 2023 na shiga gudun fanfalaki na Legas, wanda aka fara tun 2016, kilomita 42 da ɗoriya daga babban filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic. Na gama a awa 4 da minti 52. 'Yan Kenya da Habasha lokacin sun daɗe da wanka, amma ni ranar ji na yi kamar an sake haihuwata. A wajen ne na haɗu da wasu masu gudu suka saka ni a zaurensu na WhatsApp, kuma a nan na fara jin cewa ashe akwai gudun da ya wuce 42 ɗin, duk wanda ya haura haka sunansa altira, akwai na 50, akwai na 100, akwai wani a Afirka ta Kudu tsakanin Durban da Pietermaritzburg da ake kira Comrades, kusan kilomita 90, tun 1921 ake yinsa, kuma in awa 12 ta cika rufe ƙofa ake yi ko da taku ɗaya ya rage maka.

To bara sai aka sanar a zauren cewa wasu sun shirya na kilomita 50 a bakin teku ta wajen Badagry, ba kwalta ko kaɗan, yashi ne da hanyar ƙafa ta cikin gonakin kwakwa, a je 25 a dawo 25, wa'adi awa 9. Ni a lissafina 42 na riga na yi, ƙarin 8 ne kawai. Wannan lissafin shi ne kuskurena na farko, domin kilomita ɗaya a kwalta daban, kilomita ɗaya a yashi daban.

Ana gobe na hau danfo daga Mil 2, muka bi ta Alaba Rago da Okokomaiko da Agbara, na kwana wajen wani ɗan garinmu mai shayi a Badagry. Muna idar da asuba aka kwashe mu a kwalekwale mai inji aka tsallakar da mu zuwa Gberefu. Wanda bai sani ba, nan ne hanyar da a zamanin cinikin bayi ake kora bayi zuwa bakin teku a zuba su a jirgi, wajen da ake cewa in ka kai ba dawowa. Kuma Hausawa na cikin waɗanda aka kwasa ta waɗannan gaɓoɓin aka kai Brazil, har a 1835 bayi musulmi suka yi bore a Bahia cikin watan azumi. Ina tsaye da lamba a ƙirji, gari bai gama wayewa ba, teku na ruri, sai naji jikina ya yi sanyi, nace watakila wani daga ƙasarmu ya taka yashin nan da sarƙa a wuya bai san inda za shi ba, ni kuma ga ni na zo da ƙafata na biya kuɗi. Na karanta musu Ƙulhuwallahu ƙafa uku kafin a busa usur.

Ƙarfe 6:15 aka sake mu, mu 47.

Farkon abin daɗi ne wallahi. Ruwa ya ja baya, ya bar wani yashi mai laima mai tauri kamar daɓe, iska na kaɗawa, rana ba ta fito ba, ƙafa sai tafiya take da kanta. Naga wasu suna tafe a hankali har suna hira, wata mata da za ta kai shekara 50 ma tun kilomita ta 2 naga tana ɗan takawa tana shan wani abu a gora, na wuce ta na wuce su duka. Akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo da ya ɗaga min hannu yace Malam sassauta, hanyar da nisa. Na gaishe shi na ci gaba. A zangon farko, kilomita 12 da rabi, mai rubuta lamba yace min kai ne na 5. Na sha ruwa kofi biyu na ƙi taɓa komai a teburin, akwai ayaba akwai gyaɗa mai gishiri akwai dafaffen dankali da aka barbaɗa wa gishiri, nace ni mai hawan jini ne ba ruwana da gishiri. Dabino bakwai ne a aljihuna, su na dogara da su.

Abin da ban sani ba game da bakin teku shi ne ba a miƙe yake ba, a karkace yake, yana gangarawa wajen ruwa. To in ka yi awa biyu kana gudu ƙafa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ƙugu da gwiwa ne suke biya. Sannan igiyar ruwa ba ta sallama, kana tafe sai ta taso ta mamaye ka har ƙwauri ta koma, ta bar maka kambas cike da ruwan gishiri da yashi. Yashin nan in ya shiga safa ya jiƙe ya zama kamar sosan ƙarfe, kowane taku yana kankare fata. Kafin in kai wajen juyawa na san bororo ya fito min a tafin ƙafa biyu, ina jin su suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ga kwalekwalen masunta da aka jawo tudu da igiyoyinsu a miƙe sai ka tsallaka, wani wajen mutum ashirin ne a jere suna jan taru suna waƙa, dole ka hau sama ka zagaye su ta cikin busasshen yashi inda ƙafa ke nutsewa har idon sawu.

Na juya a kilomita 25 ƙarfe 9:12, ina na 9. Daga nan ne labari ya sha bamban.

Ruwan teku wajen kowace awa shida yake juyawa, in ya ja sai ya dawo ya cika. Yashin nan mai tauri da muka taka da safe duk ruwa ya haɗiye shi, abin da ya rage sai mai laushi. Rana ta fito sosai, kuma zafin bakin teku ba irin namu na Arewa ba ne. A Kano in ka yi gumi iska na busar da shi jiki ya huce, a nan iskar kanta a jiƙe take, gumi sai dai ya yi ta zuba ya cika maka takalmi amma jiki bai huce ba. Ni kuma duk gorar da na samu sai in ɗaɗɗake, tsurar ruwa kawai, ina ganin ai shi ne maganin zafi. Wajen kilomita 30 sai naga yatsun hannuna sun kumbura har zoben azurfata ya matse, cikina na ƙugi ruwa na motsi a ciki, kaina ya yi nauyi, sai tashin zuciya. Ban ankara ba jijiyar bayan cinyata ta dama ta ɗaure tamau, na dafa gwiwa, ta hagu ma ta ɗaure. Na zube a gindin wata kwakwa na yi amai, ruwa zalla.

Ban san minti nawa na yi a wajen ba. Na dai san mutane na ta wuce ni, kowa sai ya tsaya ya tambaya in ce su je ba komai. Dattijon nan ya zo ya wuce, matar nan mai gora ta zo ta tsaya ta duba idona ta tambaye ni me na ci tun safe, nace dabino. Tace gishiri fa? Nace ina da hawan jini. Ta girgiza kai tace in lallaɓa in kai zango na gaba akwai nas a wajen, kar in ƙara shan tsurar ruwa. Ta tafi da irin takun nan nata da na raina da safe, bai ƙaru ba bai ragu ba.

Akwai 'yan bukkoki na masunta kusa da inda na faɗi. Wata tsohuwa tana shanya kifi ta hango ni, ba ta jin Hausa ba ta jin Turanci, ni kuma ɗan Yarabancin kasuwa da nake ji bai yi aiki ba don ina ga 'yar ƙabilar Egun ce. Ta yi wa wani yaro magana ya ɗauko adda ya sare min ɗanyar kwakwa, ta kuma miƙo min ɓarin busasshen kifi. Na laluba aljihu zan ba ta kuɗi ta ture hannuna. Na sha ruwan kwakwar nan a hankali na ci kifin, gishirinsa ya ratsa ni har ƙwaƙwalwa, wallahi tun da nake ban taɓa cin abin da jikina ya karɓa da gaggawa haka ba. Bayan kamar minti goma na miƙe. Har yau in na yi sallah ina saka tsohuwar nan a addu'a, ban san sunanta ba, ban san sunan ƙauyen ba.

Da jan ƙafa na kai zango na uku, kilomita 37 da rabi, ƙarfe 12:04. Nas ɗin ta zaunar da ni ta auna jinina ta yi min tambayoyi, wane gari muke, yau wace rana, don ta ga ko hankalina na nan. Ta haɗa min ruwan gishiri da sukari, irin dai wanda ake ba yara in suna gudawa, tace in riƙa kurɓa kaɗan kaɗan. Tace Malam gumin da ka zubar tun safe ba ruwa kaɗai ba ne da gishiri yake fita, in ka yi ta mayar da ruwa ba gishiri jinin ne yake tsinkewa, kuma abin yana kisa. Ta ce in ina so ga kwalekwale zai mayar da ni. Mutum huɗu na zaune a inuwar sun riga sun cire lambarsu, wani matashi ƙaƙƙarfa yana kuka a hankali. Na duba agogo, saura awa 3 da minti 11 a rufe, saura kilomita 12 da rabi. Na cire takalmi ta wanke min ƙafa ta shafa basilin ta naɗe da filasta, na juya safata na mayar. Nace Hajiya zan gwada. Ba Hajiya ba ce, ba ma musulma ba ce, bakina ne ya saba, ta yi murmushi tace Allah ya kai ka.

Wannan zangon na ƙarshe ba zan ce gudu na yi ba. Itacen kwakwa nake ƙirgawa, in yi sassarfa na wuce goma in taka na wuce goma, da abin ya gagara na koma biyar biyar. Wani wajen hanya ta shiga cikin gonar kwakwa aka samu inuwa da ƙasa mai ɗan tauri, nan na ɗan farfaɗo. Hasbunallahu kawai nake ja, ina tuna mahaifina a kan tabarma yana son ɗaga hannu ya kasa, ni kuwa ga ƙafa tana ciwo amma tana ɗaguwa. Ƙarfe 2:53 na taka layin. Aka rataya min lambar yabo ta katako. Azahar a zaune na yi ta don gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa.

Bayan kwana biyu aka turo sakamako a zaure, kuma gaskiya shi ne dalilin wannan rubutun. Ina kwance ƙafa a kan matashi, 'yata ta fari da ke aji biyar a sakandare ta karɓi wayar tace Abba bari in karanto maka. Mu 47 muka tashi, 33 suka gama cikin wa'adi, 14 an rubuta musu ba su ƙarasa ba. Ni ne na 31, awa 8 da minti 38. Da farko iyakar abin da na duba ke nan, na ce alhamdulillahi. Sai yarinyar tace Abba ai akwai wasu layuka a gefe, kowane zango an rubuta lokacin da mutum ya ci. Ta ɗauko biro da takarda ta fitar min da nawa: zangon farko awa 1 da minti 19, na biyu awa 1 da 38, na uku awa 2 da 52, na huɗu awa 2 da 49. Wato zuwa na yi shi a ƙasa da awa 3, dawowa ta ci min awa 5 da minti 41, hanya ɗaya, ƙafa ɗaya.

Nace to duba min na matar nan. A zangon farko ita ce ta 40, na ba ta ratar minti 20 da wani abu. A ƙarshe ita ce ta 12, ta riga ni da kusan awa biyu. Lokutanta guda huɗu in ka jera su kamar 'yan uwa ɗaya, bambancin da ke tsakanin na farko da na ƙarshe bai kai minti 20 ba, alhali ita ma yashin nan mai laushi ta taka, ita ma ranar nan ta dake ta. Wanda ya zo na ɗaya wani siririn yaro ne daga Filato, bai kai awa 5 ba, dama yawancin masu dogon gudu na ƙasar nan daga can suke fitowa, wajen Pankshin da Jos inda ƙasa ke da tudu, shi wannan ajinsa daban ban ma kwatanta kaina da shi ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutum goman da muka fara isa zangon farko. Na sa ta bi sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Huɗu daga ciki ba su ƙarasa ba, har da matashin nan mai kuka, shi ne na 3 da safe. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma takardar ta nuna shi da lamba ba da baki ba. Minti 20 da na ci riba da safe ina jin daɗi, na biya ta da awa biyu da rana.

Na kwana uku ina buɗe takardar nan. Akwai abin da ba ta rubuta ba, ba ta san da tsohuwa mai kifi ba, ba ta san da nas ba, a wajenta zango na uku awa 2 da 52 ne kawai. Amma abin da ta rubuta ba ƙarya a ciki ko ɗaya, kuma ban ji haushinta ba. Na kai wa likitana ita ma na ba shi labarin gishirin, ya yi min faɗa sosai yace me ya sa ban zo na tambaye shi ba kafin in tafi, yace rage gishiri a tuwon gida daban, awa takwas kana zubar da gumi a rana daban, kuma har maganin da nake sha ya kamata a duba kafin irin wannan. Don Allah duk mai hawan jini ko ciwon suga da ke sha'awar abin nan ya fara ta wajen likitansa, kar ya yi yadda na yi.

Sai abu na ƙarshe da na nema a takardar ban samu ba. Na bi sunaye 47 daga sama har ƙasa sau biyu, akwai Yarabawa akwai Ibo akwai 'yan Filato akwai Turawa biyu, sunan Bahaushe nawa ne kaɗai. Abin ya dame ni ƙwarai, don ni na san waɗanda nake kwana nake tashi da su. Yaran da ke dako a Mil 12 kwandon tumatir suke ɗauka a ka daga bakin mota zuwa cikin kasuwa sawu ba adadi tun kafin asuba, masu tura kurar ruwa a Agege jarka goma suke turawa su hau tudu da ita, masu yawo da kaya a ka daga Obalende har Lekki a ƙafa suke zuwa su dawo a cikin wannan rana. Ƙarfin da na gani a bakin tekun nan bai fi nasu ba. Babu dai wanda ya taɓa ce musu ana yin irin wannan, kuma kuɗin rajista da na takalmi ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na abinci.

Na nuna wa yara biyu da ke min dako lambar katakon da hotunan. Ƙaramin, ɗan wajen Gwarzo, shekararsa 19, ya juya ta a hannu yace Kawu yanzu kilomita 50 ɗin daga ina zuwa ina ne? Nace kamar ka tashi daga Kano ka wuce Wudil. Ya yi shiru, sai yace ai ya taɓa yin fiye da haka da shanu. Na je Katangowa na sayo musu kambas gwanjo ƙafa biyu. Yau sati biyar ke nan muna fita tare ranar Lahadi, na hana su wuce ni a rabin farko komai ƙaiƙayin ƙafa, kowa da ƙullin gyaɗa mai gishiri a aljihu. Alhaji ya ga muna dawowa ranar nan bai ce komai ba, da yamma ya aiko yaro ya tambaye ni nawa ne kuɗin rajistar mutum ɗaya.